Manajan da Ya Sayo Matacciyar Kafaɗa

An yi wani mutum a nan garinmu na San Telmo. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma wasunku sun sha tsayawa layin burodi da matarsa.

Ku da kuka manyanta kun tuna shekarun da ƙungiyarmu ta besbol, Zakaru, ta zauna a ƙasan teburi kamar an buga mata ƙusa. Kowace kaka mu ne na ƙarshe. 'Yan kallon wasu garuruwa in sun zo, da kaji suke shigowa filin, suna ɗaga mana su suna ƙyalƙyala dariya. Masu yankan rake suka daina sayen tikiti, suka ce gara su zauna a shagon unguwa su buga domino.

Mai ƙungiyar ita ce Doña Eufemia, dattijuwar da ta gaje ta daga mijinta, marigayi Leoncio. Ita ta kira mutumin nan ta naɗa shi manaja, wato shi zai zaɓi wanda za a ɗauka da wanda za a sallama. Ta sayar da gonar raken mijinta, ta damƙa masa kuɗin. Ta ce masa, "Ɗana, ba kofi nake nema bana ba. Ka gyara filin atisaye, ka nemo yara, ka ciyar da su, ka ba su lokaci. In na kai lokacin da za su ci, na gode Allah. In ban kai ba, jikokina sa gani. Amma ka sani ba ni da wata gonar."

Ya 'yan uwa, da farko ya riƙe amanar. Shi da kocin ƙungiyar, Nicanor, suka hau babur suka bi ƙauyukan rake. Nicanor ba abokin aiki kaɗai ba ne, shi ya riƙe ɗan mutumin nan ranar baftisma, don haka kompai suke kiran juna. Suka tattaro samari ramammu masu ƙarfin hannu. A cikinsu akwai Elpidio, mai jifa, wanda sai da suka zauna a ɗakin uwarsa suka ci dakakkiyar ayaba, suka yi mata alkawari ba za a yar da shi a hanya ba, sannan ta sake shi.

Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Ana dai cin mu, amma ba irin cin da ba. Mai ido ya ga abu yana tasowa.

Sai Shaiɗan ya shigo ta rediyo.

Akwai wani Wáscar, manajan wata ƙungiya a babban birni, tsohon abokin wasan mutumin nan ne tun suna samari. Aka tambaye shi a shirin wasanni me yake gani game da Zakaru. Ya yi dariya ya ce, "Ku ƙyale ɗan uwana, ai ba ƙungiya yake riƙe da ita ba, gidan renon yara ne. Na ji har madara suke saya."

Magana ce ta wasa. Amma gari ya ɗauka. In ya shiga shagon aski sai a ce, "Manaja, sun yi barci ne ka samu fitowa?" In ya wuce masu babur sai su yi masa kukan jarirai. Yana dariya a fuska, abin yana ci masa rai. Ya daina ganin ci gaban yaran. Abin da yake ji kawai muryar Wáscar.

Lokacin cinikin 'yan wasa ya zo, lokacin da kwantiragin manya ke ƙarewa, su zama ba su da ubangida, wanda ya fi tayawa ya ɗauka. A shekarar babu sunan da ya kai na Amauris, mai jifan da ake wa laƙabi da Aradu, wanda ya yi shekaru yana wasa a Amurka. Aka ce Wáscar na zawarcinsa. Mutumin nan ya rantse a ransa sai ya ƙwace shi.

Shi da Amauris suka haɗu a wani gidan cin kifi a bakin teku. Amauris ya kai hannun dama zai ɗaga tulun ruwa, sai ya yamutsa fuska, ya sauya zuwa na hagu. Ya ga manaja ya gani. Ya ce, "Manaja, bari in gaya maka gaskiya. Kafaɗar nan ba kamar da take ba. Likita a can ya ce aiki take so."

Mutumin ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni da matata. Sai kai yanzu."

"To mu bar ta mu uku. Ni sunanka nake so a bayan rigarmu. Allura za ta riƙe ka zuwa ƙarshen kaka."

Kun ji, ya 'yan uwa? Ba yaudararsa aka yi ba. Da idonsa a buɗe ya shiga.

Ya je gaban Doña Eufemia ya ce dama ce da ba za ta sake zuwa ba. Dattijuwa ta yi masa tambaya ɗaya: "Lafiyarsa ƙalau?" Ya ɗaga hannu ya rantse da Allah ƙalau yake. Ta ce ya je. Ya zuba sauran kuɗin gonar a kan Amauris, ya haɗa da wasu tsofaffin masu bugu da sunansu ya fi ƙarfinsu.

Kun san gurbin 'yan wasa a ƙungiya ƙayyadadde ne. Duk babban da ya shigo, sai yaro ya fita. Ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan Elpidio. Nicanor ya same shi a ofis ya ce, "Kompai, har da Elpidio? Ka manta ayabar uwarsa da muka ci?"

Ya ce, "Kompai, alkawari ba ya cika fili da 'yan kallo. Kai dai ka horar da wanda na ba ka."

Ranar da Amauris ya iso, aka ɗora su a motar kashe gobara aka zaga gari da kiɗa. Mutumin nan ya karɓi makirifon gidan rediyo ya ce, "A gaya wa Wáscar mun yaye yaran!" Gari ya ɗauki sowa. A ranar ya ji daɗin da ya sayar da amanarsa don ya ji. Daɗin bai kai mako ba.

Ranar buɗe kaka fili ya cika har kan katanga. Amauris ya hau tudun jifa, ya yi jifa kaɗan masu kyau, mutane suna ihun Aradu. Can ya ɗaga hannu ya saki ƙwallo, sai hannun ya faɗo gefensa kamar tsumma. Ƙwallon ba ta ko kai wurin mai kamawa ba, ta gangara a ciyawa. Ya durƙusa yana riƙe da kafaɗa. Filin ya yi tsit, har ana jin mai tallan gyaɗa a waje.

Tsofaffin masu bugun ma ba su yi komai ba. Wannan cinya ta tsinke, wancan ba ya iya gudu. Zakaru suka koma inda suka saba, kuma yanzu babu yara, babu kuɗi.

Gari ya fusata, yana neman wanda zai kama. Nan ne Allah ya buɗe wa mutumin nan ƙofar tuba. Me zai hana ya je gaban dattijuwar ya ce ni ne? Za a zage shi, za a kore shi, amma zai fita da sauran mutuncinsa. Bai yi ba. Ya shiga rediyo ya ce lafiya lau aka kawo Amauris, kocin ne ya gallabe shi da atisaye har kafaɗar ta lalace. Ya kori Nicanor.

Suka haɗu a baranda Nicanor na fita da jakarsa. Ya tsaya ya dube shi ya ce, "Kompai, ni?" Mutumin ya duƙar da kai a kan wayarsa kamar an kira shi.

Samari suka yi ta jifan gidan Nicanor da ruɓaɓɓen lemo. Matarsa ta daina zuwa kasuwa. Shi kuwa bai kare kansa ba, ko a gaban 'yan jarida.

Wata Asabar da hantsi mutumin nan yana kan kujerar aski, an shafa masa kumfa, wanzami Fulgencio ya aske gefe ɗaya. Shagon cike, rediyo na kunne. Sai mai shirin ya ce ga Amauris a waya daga gadon asibiti. Muryarsa ta fito a raunane: "Na ji abin da ake wa dattijon nan Nicanor, na kasa barci. Ku ƙyale shi. Shi ne ma kullum yake ce mini in rage jifa. Da ciwona na zo. Na gaya wa manaja baki da baki tun kafin in sa hannu, ya ce mu bar ta tsakaninmu. Ni ma na yi laifi, na karɓi kuɗin da na san ban cancanta ba."

Ba wanda ya zage shi a shagon. Fulgencio ya miƙa hannu a hankali ya rage muryar rediyon, don tausayi. Wannan tausayin ne ya fi komai ƙona shi. Ya tashi da mayafin aski a wuya, rabin fuska da kumfa, ya fita titi. Masu babur ɗin da suka saba tsokanarsa suka kawar da kai.

Doña Eufemia ta aika ya zo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kuɗin gona ba su dame ni kamar rantsuwar ba. Ka kira sunan Allah a falona." Ta karɓi makullan ofis. Kafin shekara ta zagayo dole ta sayar da ƙungiyar ga wani ɗan kasuwa, ya kwashe ta zuwa garinsu. Filin da kuka sani, yau awaki ke kiwo a cikinsa. Elpidio kuwa Wáscar ne ya ɗauke shi, kuma duk kun ga irin tauraron da ya zama.

Mutumin ya kulle kansa a gida. Ba ya zuwa ibada, ba ya zuwa jana'iza. Ana jajibirin Kirsimeti da rana aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya leƙa ta labule, sai ga Nicanor riƙe da tukunyar farfesun sancocho, tururin nama da rogo na tashi. Nicanor ya ce, "Kompai, buɗe mana, tukunyar nan da zafi. Na san kana ciki, ga takalmanka nan. Ba faɗa na zo ba, abinci na kawo wa ɗana na baftisma." Mutumin ya zame ya zauna a ƙasa a bayan ƙofar, ya toshe bakinsa da hannu. Nicanor ya daɗe a tsaye. Daga ƙarshe ya ajiye tukunyar a dandamali ya tafi.

Ni na je gaishe shi bayan haka, da bakinsa ya ba ni wannan labari. Na ce masa, "Me ya hana ka buɗewa? Mutum ya kawo maka yafiya har ƙofa." Ya ce, "Da da adda ya zo, da na buɗe."

Ba a jima ba ya bar garin. An ce yana gadin motoci kusa da tashar jiragen ruwa a babban birni, kuma in ya ji wani ya ambaci San Telmo sai ya ja hularsa ya rufe fuska.

Ya 'yan uwa, me ya kai shi nan? Ba yunwa ba ce. Ko sisi bai sa a aljihunsa ba. Dariyar mutum ɗaya ce ya kasa haɗiyewa. Don ya rufe bakin Wáscar ya ci amanar tsohuwa, ya karya alkawarin uwa, ya yi rantsuwar ƙarya, da ƙaryar ta tashi kama shi ya tura amininsa gaba. Kowane zunubi shi ya haifo na bayansa.

Wa ke cikinmu da ba a ba shi renon wani abu ba? Wani 'ya'ya, wani shago, wani kuɗin ƙungiya. Reno aiki ne mai jinkiri, ba a yi maka tafi a kansa, har dariya za a yi maka. Ka bar su su yi. In kuwa ka riga ka faɗi, ka faɗa da bakinka tun yau, kada ka ɗora wa wani. In wanda ka zalunta ya zo ƙofarka, ka buɗe, ko da kunya za ta kashe ka. Kunyar da ta kai ka ga tuba rahama ce. Wadda ta sa ka ɓuya, ita ma girman kai ce.

Allah ya ba mu haƙurin riƙe abin da aka damƙa mana. Allah ya raba mu da yin abu don idon mutane. Ya kiyaye mu daga ranar da za mu kasa ɗaga ido mu dubi wanda ya yafe mana. Amin.