Bencin Aro

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu, wasu ma ina ganin ƙeyarsu daga inda nake zaune. Ke Hansai, kife wayar nan ki saurara, ba za ta gudu ba.

Sunan mutumin Jatau, mai gadin makarantar boko ne. Bai iya karatu ba, ko sunansa aka rubuta masa a bango sai ya wuce bai gaishe shi ba. Amma da gwamnati ta ce kowane gari a yi makaranta, shi ya fara sa diga a harsashin ginin. Da aka gama aka ba shi gadi. Shi ke shara, shi ke cika randa, shi ke buga wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiyar maina, yara su taho.

To, ginin gwamnati kun san halinsa. Ranar buɗewa ango ne, bayan nan maraya. Aji biyu ne dama. Iska ta zo ta yaye rufin ɗaya, gara ta cinye duk bencinan makarantar. Malamai uku aka kawo, biyu suka tafi ganin gida, har yau suna hanya. Aka bar hedimasta, Malam Iro, shi kaɗai da yara sun fi ɗari a ƙasa.

Ana nan sai ga saƙo: ranar Laraba mai duba makarantu zai zo daga birni.

Ku saurara, nan ne maganar take. Mu dai mun san baƙo ba a nuna masa tsiraicin gida. Ko da yunwa aka kwana, in baƙo ya yi sallama sai a ɗora tukunya, ko ruwa ne a ciki. Mai gari ya tara mutane ya ce, “Wannan mutum in ya gan mu haka, sunan garinmu zai kai birni a faifai. A rufa asiri.”

Aka aika ƙauyen da ke ƙetaren rafi aka aro bencinansu kaf, aka ce kwana biyu za a dawo da su. Aka kwance kwanon rumfar mai gari aka shimfiɗa a kan ajin da ba rufi, ba ƙusa ko ɗaya, duwatsu aka ɗora aka danne. Aka shafe bango da farar ƙasa. Malamai fa? Aka kamo Ɗanlami tela da wani mai sayar da magani, aka sa musu manyan riguna, aka damƙa musu alli. Ɗanlami ya ce, “Ranka ya daɗe, ni fa a jikin yadi kaɗai na iya zane.” Mai gari ya ce, “Kai dai ka juya baya kana kallon allo.” Yara kuma aka koya musu, in an tambaye su su ce, “Kullum haka muke!”

Jatau shi ya yi ta jigilar bencin a ka, yana ratsa rafi, har wuyansa ya sage. Da ya dire na ƙarshe sai ya tsaya gaban hedimasta yana goge gumi.

Ya ce, “Malam, in yi tambayar jahili?”

“Yi, Baba Jatau.”

“Mutumin nan da zai zo, likita ne ko suruki?”

“Kamar yaya?”

“In suruki ne, mu ci ado. In likita ne, ai gyambon ya kamata mu buɗe masa.”

Malam Iro ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya ce, “Baba, ka bar manya da aikinsu.”

Jatau ya ce, “To. Benci dai na ɗauka. Amma a yi mini rai, kada a ɗora mini ƙarya, wuyana ba zai iya ba.”

Laraba ta zo, baƙo ya zo, wani siriri mai tabarau. Ya leƙa aji ya ga benci reras. Ya ga ƙeyar Ɗanlami. Ya tambayi yara, suka ɗauka baki ɗaya, “Kullum haka muke!” Ya yi ta zane a takarda yana gyaɗa kai. Aka kai shi inuwa, aka sauke masa tuwon shinkafa da zabi. Zabi biyu, Kulu, ba ɗaya ba.

Da ya gama, Jatau ya kawo buta yana zuba masa ruwa a hannu. Baƙon ya ce, “Baba, kun burge ni. Gwamnati ta aiko ni in nemo makarantun da suka lalace, a kai musu rufi da benci da malamai. Gari goma sha ɗaya na zaga, nan ne kaɗai ban ga abin gyara ba.”

Ruwan ya tsaya a bakin buta. Jatau ya dubi mai gari, mai gari ya dubi sama. Ya dubi hedimasta, hedimasta yana ƙirga yatsun ƙafarsa. Duk sun ji abin da ya ji, amma an riga an ci ado, wa zai tuɓe a gaban baƙo? Jatau ya san in ya buɗe baki gadinsa ya tafi, ga shi ba gona gare shi ba, ba ɗa namiji ba. Ya kuma san in ya yi shiru yaran nan a ƙasa za su tsufa. Ya ajiye buta.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, bencin nan na aro ne, ni na ɗauko su. Kwanon can duwatsu ne suka riƙe shi. Wancan mai allin kuwa shi ya ɗinka mini rigar nan.”

Sai mai gari ya fashe da dariya. Ya ce, “Ayya, Jatau! Yallaɓai ka yi haƙuri, tsufa ne, in rana ta take sai ya riƙa sambatu.” Da mai gari ya yi dariya, gari ya yi dariya. Maza suka yi, mata a bayan zana suka yi, yara ma suka taya.

Shi kuma baƙon? Ku saurara. Taku goma ne tsakaninsa da ajin nan. Taku goma, ya ɗaga sanda ya taɓa kwano. Amma ga rana, ga zabi biyu a ciki, ga wani ƙauye yana jiransa. Ya dubi tsoho mai rigar gwado ɗaya, ya dubi manyan riguna, ya zaɓi manyan riguna. Ya rufe takardarsa ya shiga mota.

Kafin la’asar an karɓe makulli daga hannun Jatau. Aka sa masa suna Tona-asiri. A yi suna a raba goro a tsallake shi. Ya yi sallama a majalisa a amsa da hanci. Ya koma bakin hanya ƙarƙashin tsamiya yana tufkar igiya, ranar da aka saya ya ci, ranar da ba a saya ba ya gode wa Allah.

Wata uku sai ga babbar mota ta shigo gari, shaƙe da kwano sabo fil, da benci, ga malamai biyu a gaba da akwatunansu. Mata har sun fara guɗa. Direba ya tsaya daidai tsamiya ya leƙo. Ya ce, “Baba, ina hanyar ƙauyen ƙetare?”

Kun gane? Daga garin nan, ƙetare baƙon ya nufa a ranar. Ya tarar da ’ya’yansu zube a ƙasa, ko benci ɗaya babu, don bencinsu yana can yana yi wa wasu ado. Ya rubuta cewa su ne mabuƙata.

Jatau ya miƙe ya nuna wa direba inda rafi bai da zurfi. Ya dawo ya ɗauki igiyarsa. Bai ce “na faɗa muku” ba. Wallahi da ya faɗa da ya fi sauƙi.

Damina ta zo, bangon ajin da ba rufi ya zauna. Malam Iro ya nemi canji ya tafi. Aka ce yara maza su riƙa zuwa ƙetare, mata kuwa nisa ya yi yawa, su zauna. Wa kuke tsammani ya riƙa tsayawa bakin rafi kowace safiya, yana ɗaukar ƙanana a kafaɗa yana haye da su? Tona-asiri. ’Ya’yan waɗanda suka tsallake shi a rabon goro.

Mai gari ya same shi nan wata safiya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, “Jatau, ka yafe mana.”

Jatau ya ce, “Ni ban riƙe kowa ba, ranka ya daɗe. Amma ba ni aka yi wa ba.” Ya nuna ’yan matan da ke wucewa da tulu. “Su za ka tambaya, in sun girma.”

Shekara tara kafin wani mai dubawa ya sake taka garin. Ya tarar da Jatau ya shekara biyu a ƙasa.

A cikin yaran da suka hau bencin aro ran nan akwai wata yarinya mai baki, ita ta fi kowa ɗaga murya wajen “Kullum haka muke!”, ita ta fi kowa dariya. Tana nan da ranta. In an kawo takarda, babban yatsa take dangwalawa, jikanta ke karanta mata sunan maganinta. Ita ma ba zan faɗi sunanta ba.

To, ’yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Rufin asiri ibada ne in na ɗan uwanka ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda ya ɓoye wa likita ciwo kansa ya cuta. Mai gaskiya kuma ba a auna shi da girman riga. Wanda aka aiko dubawa, ya duba da ƙafarsa, Allah zai tambaye shi taku goman nan.

Na ji an ce jibi masu dubawa za su zo makarantar ’ya’yanku, har an raba muku aikin shara da girki. Ku share, ku dafa, baƙo hakkinsa ne. Amma in sun wanke hannu, ku ja su ku nuna musu ajin da ke yoyo da bayin da ya rufta. In wani talaka ya miƙe zai faɗi gaskiya, wadda ba ta iya taya shi ba, ta dai riƙe dariyarta. Dariyar nan ta minti ɗaya ce, amma akwai mai biyanta shekara sittin.

Allah ya jiƙan Jatau. Ku ce amin da ƙarfi, ya daɗe yana jira.