Ranar da Duna Ya Kwanta a Kan Ɗan Mage

Ku matso kusa, yara, ku ji dalilin da ya sa kare ba ya kwanciya kai tsaye, sai ya yi ta juyi a wuri ɗaya yana sunsunar ƙasa. Da can ba haka yake ba. Duk inda gajiya ta kama shi, nan yake zubewa rim kamar buhun gero.

A bakin wani ƙauye an yi wata tsohuwa mai daddawa, Iya Tsahara. Ba kowa a gidanta sai awakinta da Mage. Magen nan ta daɗe a gidan, har gani take ita ce mai gida, Iya baƙuwa ce.

Da kura ta fara zagayen awakin, sai ƙanen Iya, Ɗanlami maharbi, ya kawo mata ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin mai manyan ƙafafu.

"Yaya, ga mai gadi na kawo miki. Sunansa Duna."

"Na gode, Ɗanlami," in ji Iya. "Amma ran da ya taɓa mini Mage, ran nan zai koma inda ya fito."

Duna ya nufi Mage yana kaɗa wutsiya, ya ce, "Sannu da gida, Yaya Mage."

Mage ta gantsare, gashinta ya miƙe, ta kai masa yakushi a hanci. "Wace ce yayarka? Zaure naka, madafa tawa. Kada in ga ƙafarka ciki."

Haka aka zauna. Duna ya girma, kura ta daina zuwa. Kullum ya gaida Mage, kullum ta kau da kai. Wani lokaci ma yakan bar mata tsokar da ke jikin ƙashinsa. Takan cinye, amma ba ta taɓa cewa an gode ba.

Ran nan da la'asar aka kece da ruwa har da ƙanƙara. Zaure ya yi ta yoyo. Duna ya jiƙe sharkaf, sanyi ya mantar da shi doka, ya ruga madafa ya faɗa kan tsummokaran da ke gefen murhu. Bai san Mage ta haihu a ciki ba.

Sai ya ji wata 'yar ƙara a ƙarƙashinsa. Ya zabura. 'Ya'yan Mage suka rarrafo suna kuka, sai ƙaramin cikinsu, shi ko motsi ba ya yi.

Mage ta diro daga kan tulu. Iya ta shigo da gudu, ta dafe ƙirji. "Wayyo, Duna! Me ka yi? Gobe Ɗanlami zai zo ya tafi da kai."

Duna bai gudu ba. Ya sunkuya ya shiga lasar ɗan magen da faffaɗan harshensa, yana hura masa ɗumin numfashi. Mage ta kafa masa farce a kunne har jini ya fito, bai ɗago ba. Ya yi ta lasa, ya yi ta lasa. Can sai ɗan magen ya yi atishawa, ya buɗe baki ya tsala kuka.

Iya ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala. Duna kuwa ya saukar da wutsiya ya nufi ƙofa, ruwa na zuba.

"Kai, ƙanena," Mage ta kira shi. "Ina za ka cikin ruwan nan?"

Duna ya tsaya. Bai taɓa jin ta kira shi haka ba.

Mage ta dubi Iya ta ce, "A bar shi, Iya. Ƙaton jiki ne ya yi masa yawa, ba mugunta ba." Ta juyo gare shi. "Amma da sharaɗi. Ba ka ƙara kwanciya ko'ina sai ka juya ka duba ko akwai ƙarami a wurin."

"Na ɗauka, Yaya. Har 'ya'yana zan koya wa."

Nan take ya juya, ya sunsuna, ya sake juyawa, sannan ya kwanta a hankali gefen murhu. Mage ta ɗebo 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta jera su a jikin cikinsa, inda ya fi ɗumi, ta hau lasar kunnen da ta yaga.

Shi ya sa har gobe, ko a tsakiyar fili fetal kare zai kwanta, sai ya juya ya duba tukuna. In kun gan shi yana yi, kada ku yi masa dariya. Alkawarin kakansa yake cikawa.