Rumfar Tabawa Mai 'Yar Tsana

Ranar da Sarkin Kasuwa Barau ya raba wa masu sana'a layi-layi, kowa ya samu wurin zama sai Tabawa mai 'yar tsana. Masassaƙa suka tura ta wurin maɗinka, maɗinka suka ce su ba sa ɗinka icce.

Sarkin Kasuwa ya ɗaga 'yar tsana guda ya ce, "Tabawa, ga kai na icce, ga zane na atamfa, ga awarwaro na waya. Faɗi sana'arki guda ɗaya tak. In kin ce sassaƙa, zan tuɓe zanen. In kin ce ɗinki, zan cire kan. In kin rasa amsa, ki kwashe kayanki ki bar mana kasuwa."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kaina ya kulle. Amma wa ya yi maka rigar nan?"

"Maɗinki mana."

"Takalmin fa?"

"Baduku."

"Sandar hannunka?"

"Masassaƙi. Ke, ina kika dosa?"

"To kai a wane layi kake zama?"

Barau ya tuntsire da dariya. "Ni? Wanda ya haɗa aikin kowa a jikinsa ai ba ya shiga layi. Bakin ƙofa yake zama, kowa ya wuce ta gabansa."

"Alhamdu lillahi, ka yanke hukunci da bakinka," in ji Tabawa. Ta shimfiɗa tabarma dab da kujerarsa, ta jera 'yan tsananta. "Ɗan matsa, ranka ya daɗe, rigarka ta tare wa yara kallo."