Wayar Sallau

Ku saurara, ku yanke mana hukunci.

Yayana Sallau shi ke haɗa bikin masu sana'ar hannu na garinmu bayan kaka: magina tukwane, masaƙa, dukawa da makaɗa. Ba mai biyan kowa. Amma komai a kansa yake, kowa lambarsa kaɗai ya sani. Da Allah ya karɓe shi, magana ta watse. Wasu suka ce an fasa, wasu suka ce Lahadi ne, alhali Asabar aka tsayar, an kuma mayar da wurin filin makaranta. Matarsa Hajjo tana takaba, tana fargabar bikin ya bi mijinta.

Kande mai saƙa ta zo gaisuwa, ta tarar wayar mamacin tana ta ruri a kan tabarma, Hajjo ta kasa taɓawa. Ta ce, "Yaya, ba ni." Duk wanda ya kira ta yi masa ta'aziyya, ta tambayi ƙauyensu da sana'arsa. Da haka aka san su wa Sallau ya gayyato.

Jatau baduku ya zuba su duka a zauren WhatsApp, ya kulle shi, ya ce murya ɗaya za a riƙa ji, kuma da baki, don ba kowa ke karatu ba. Wani makaɗi ya kira shi: "Kai Jatau, yaushe aka naɗa ka sarki?" Ya ce, "Zage ni, Baba, amma ka zo Asabar."

Saura magina tukwane na bayan dutse, inda waya ba ta kamawa. Barmani mai injin niƙa ta ce a bar mata. Duk matar bayan dutse da ta kawo hatsi, ba ta ɗaukar ƙwaryar garinta sai ta maimaita saƙon da za ta kai gida: Asabar, filin makaranta. Wata ta ce Lahadi. Barmani ta ce, "Sake, Iya, garinki bai niƙu ba."

Ranar Asabar fili ya cika, har jakunan tukwane suka rasa wurin ɗauri. Hajjo ta jiyo kalangu daga ɗakinta, ta yi kuka, ta ce a damƙa wa ɗaya cikin ukun nan riƙon bikin baɗi.

To, jama'a, da mai nemo mutanen, da mai tsayar da maganar, da mai kai ta bayan dutse, wa za mu bai wa?