Gwadon da Ba Shi da Ƙulli

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun ana jin hirar aljanu a gindin itatuwa da tsakar rana, an yi wani sarki a Birnin Kwatarma mai suna Dambo ɗan Kure, mai rumbunan da ba a taɓa ganin gindinsu ba. Sarkin nan ya sa aka sare wani tsohon rimi don a faɗaɗa ƙofar fada, ashe gidan wata aljana ne da jaririnta. A ranar sanyi ya kama 'yarsa tilo, Gimbiya Zulai, irin sanyin da wuta ba ta kora, har haƙoranta suna kaɗawa cikin zafin bazara.

Aljanar ta bayyana a gaban karaga ta ce, "Ya kai sarki, ka bar ɗana a fili, don haka 'yarka za ta ɗanɗana abin da yake ji. Ku saƙa masa gwado wanda babu ƙulli ko ɗaya a cikinsa, domin ƙulli garwashi ne a fatarmu. Sau uku zan zo dubawa. In na ukun ya ɓaci, sanyin zai kai zuciyarta."

Aikin ya faɗa kan Jatau, Sarkin Masaƙa, dattijon da zaman saƙa ya tanƙwara masa baya. Shi ya saƙa zanen da aka goyi Gimbiya da shi, saboda haka ciwonta ya tsaya masa a rai. Ya tara masaƙan garin su arba'in a rumfarsu, kowa ya ɗauki nasa sashe, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

To, zare dai ba ya rasa tsinkewa. Abin da masaƙin Kwatarma ya gada shi ne ya ƙulla ya cusa ƙullin cikin saƙa, kuma da wannan ɓoyon suke tinƙaho, wai ko surukinka ba zai gano ba. Haka suka yi. Aljana ta zo ta shafa gwadon sau ɗaya, ta yar. Suka sake, wannan karon da ƙulle-ƙulle ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta shafa, ta yar, ba ta ko dube su ba.

Jatau ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Wata biyu ke nan ƙoshiyar saƙa ba ta huta ba, idanun masaƙa sun yi ja, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ga labari daga fada cewa Gimbiya ta daina magana. Wata rana da hantsi ya tafi da kansa karɓo zare wurin Tabawa, wata gwauruwa da ta fi kowa iya kaɗi. Shekara talatin yana saƙa zarenta, bai taɓa zama ya ga yadda take yi ba, don a ganin masaƙa kaɗi aikin mata ne. Ya zube a bakin ƙofa yana jira, sai ya ga zaren ya tsinke mata. Ta warware bakin biyun, ta taɓa alli, ta jiƙa su da yawu, ta murza. Zare ya koma ɗaya.

"Baiwar Allah," in ji shi, "ina ƙullin?"

"Ranka ya daɗe, mu ba ma ƙulli. Haɗawa muke yi. Kowace mace a garin nan ta sani, ba wanda ya tambaye mu ne."

Kunya ta rufe Jatau. Ya roƙe ta ta zo rumfa, inda mace ba ta taɓa zama ba. Masaƙa suka yi ta gunaguni, ya ce, "Wanda ya fi son al'adarsa a kan ran yarinyar nan, ya naɗe masaƙarsa ya tafi." Ba wanda ya tashi. Sauran mata masu kaɗi suka ji tsoron aikin aljanu, sai Tabawa kaɗai ta zo. Zaren masaƙa kuwa a ɗaure yake tamau, ba kamar na mazari ba, sai an murza da ƙarfi yake kamawa. Kwana ashirin tana bin masaƙa arba'in, wannan ya kira, wancan ya kira, har yatsunta suka tsage, ta naɗe su da tsumma don kada jini ya ɓata farin. Daga baya ma ta daina jin zafin, kuma Jatau ya san ba sauƙi ta samu ba.

Da ta zo dubawa ta uku, aljana ta bi gwadon da yatsa tun daga wannan baki har wancan. Sai ta naɗe jaririnta a ciki, ya yi hamma ya yi barci, ta ɓace. Nan take gumi ya karyo wa Gimbiya, ta nemi a ba ta fura.

Sarki ya ce Jatau ya faɗi abin da yake so. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, aikin na Tabawa ne, a ba ta kujera a rumfarmu. Ni kuwa na gaji, a naɗa wani. In ta yarda, ina neman aurenta."

Tabawa ta yarda, aka ɗaura aure, aka yi kwana bakwai ana shagali. Amma yatsunta ba su sake jin zare ba har abada. Shi ya sa duk hantsi akan ga tsohon Sarkin Masaƙa a ƙofar gida riƙe da mazari, yana kaɗi mai kauri da gargada, tana zaune kusa da shi hannuwanta a kan cinya. In zaren ya tsinke ya kai hannu zai ƙulla, sai ta ce, "Malam, warware. Sake."