Injin Ƙanƙara a Tsakar Gidan Al Wukair

Akwai wani a cikin masu bin shafin nan, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Shekaranjiya na ji shi a Corniche, can bakin teku, yana cika baki, wai shi tun da ya zo Doha bai taɓa tambayar kowa komai ba, wayarsa ta ishe shi. To malam, gyara zama. Kai nake ba wa labarin nan, sauran jama'a albarkacinka suka ci.

Akwai wani direba, Ghali, ɗan Gusau, yana aiki a wani gida a Al Wukair. Mai kula da lambun gidan kuma Fatawu ne, dattijo daga Zongon Kumasi. Shekararsa tara a gidan, kuma da hannayensa biyu yake ciyar da iyalinsa a Ghana.

Kafil ɗinsu, wato mai gidan, ya so a kafa rumfar mota, ana buƙatar rami takwas na ƙarafa. Duk wanda ya taɓa sara diga a ƙasar nan ya san halinta: ɗan yashi a sama, ƙarƙashi farin dutse. Fatawu ya ce a sayi injin haƙa rami, amma tunda babu wanda ya taɓa riƙe irinsa a cikinsu, a je Sana'iyya wurin masu injuna da ɓarin dutsen, su zaɓa musu wanda ya dace.

Ghali ya kwashe da dariya a gaban kafil.

"Haba Baba Fatawu, wa yake yawo da dutse a aljihu yanzu? Ba Kumasi muke ba fa."

Kafil ya miƙa masa waya ya ce yalla, maza ya zaɓo a intanet.

Minti biyar bai yi ba ya zaɓa. Ja ne, mai batir, taurari biyar. A hoton, wani Bature ne cikin ƙatuwar rigar sanyi, yana tsaye a kan wuri fari fat, inji a hannu ɗaya, kifi a ɗayan. Fatawu ya leƙo ya tambayi me kifi yake yi a nan. Ghali ya ce kifin ado ne na 'yan talla, ya dubi ƙasar dai, fara sol irin tasu.

Bayan sati biyu kaya ya iso daga waje, Ghali ne ya karɓa a bakin get. Ya haska rubutun kwalin da wayarsa don ta fassara masa. Yana karantawa gabansa ya faɗi.

Ashe akwai ƙasashen da sanyi ke daskarar da tafki sukutum, mutane su yi tafiya a kansa, su huda ƙanƙarar su zura ƙugiya su kama kifi. Abin da aka ƙera injin dominsa ke nan. Farin da ya gani ba dutse ba ne, ƙanƙara ce. Ga gargaɗi da jan rubutu: kada a kuskura a sa shi a ƙasa ko dutse.

Ya tuna direban da ya gada, wanda aka mayar gida saboda ya goge gefen mota. Ya tuna yadda Fatawu zai ba da labarin ranar Juma'a a cikin 'yan'uwa. Sai ya yayyaga kwalin da takardar bayanin, ya kai su bolar layin baya.

Ku ji fa. Ya sani. Ba jahilci ba ne daga nan.

Washegari da sassafe, kafin rana ta yi zafi, Fatawu ya ɗauko injin. Ya shafa wuƙaƙen bakinsa da ɗan yatsa, ya ɗago.

"Ghali, wannan baki kamar na aski. Ka tabbata na dutse ne?"

"Na tabbata."

Ghali ya koma wankin mota, amma idonsa na kan dattijon. Injin ya ratsa yashi sumul, har Ghali ya fara sauke numfashi. Sai ƙarar ta canza, ta koma kamar ana niƙa tsakuwa. Fatawu ya gyara tsayuwa, ya ƙanƙame mariƙin, ya danna da dukan nauyinsa.

Ghali ya buɗe baki zai ce tsaya. Ya hango kafil a baranda da kofin gahawa. Ya rufe bakinsa.

Wuƙar ta cije dutse ta tsaya cak, saman injin ya juya da hannun Fatawu a ciki. Wani sauti ya fito kamar an karya busasshen reshe. Fatawu bai yi ihu ba. Zama ya yi a kan yashi yana kallon hannunsa na dama da ya juya inda hannu ba ya juyawa, yana salati a hankali.

Ghali ne ya kai shi asibiti. Likita ya ce wuyan hannun ya karye wuri biyu, jijiya ta taɓu, sai an jira a ga ko yatsun za su dawo. Kafil ya ɗauka masu kaya ne suka turo lalatacce, ya ce khalas, shi ke nan, a yar da injin. Babu wanda ya tuhumi Ghali.

Wata uku ana jira. Duk sati Ghali ke kai shi gashin ƙashi, ya zauna yana kallon yatsun suna ƙoƙarin matse ƙwallon roba, suna kasawa. Duk kiran da kafil ya yi masa sai ya ɗauka asiri ya tonu. Shi kuwa Fatawu kullum godiya yake masa, yana ce wa matarsa Sanatu a waya, Allah ya ba shi ƙane a Qatar.

Yatsun ba su dawo ba. Ko tiyon ban ruwa ba ya riƙuwa. Kafil ya sallame shi da mutunci, ya yanka masa tikiti. Kun san wanda aka ce ya kai shi filin jirgi.

A hanya Ghali ya kasa. Ya faɗa masa komai, har da bolar layin baya. Sai da suka wuce danja biyu Fatawu ya juyo ya dube shi.

"Ƙanena, da ka faɗa mini, dariya kawai zan yi maka. Kwana biyu, ko uku in na ji daɗinta. Shi ke nan fa."

Da suka isa, ya roƙi Ghali ya sauke masa jaka, don hannun ba zai iya ba.

Darasi: Rashin sani ba laifi ba ne, ana tambaya a wuce. Laifin shi ne ka gane ka yi kuskure, ka yi gum don kada a yi maka dariya, ka bar wani ya biya da jikinsa. Ku tura wa duk wanda kalmar "ban sani ba" ke yi masa nauyi a baki. Kai kuma da ke karantawa kana girgiza kai kana tsine wa Ghali, in ba ka taɓa rufe baki a wurin aiki don ka tsira da mutuncinka ba, ga wurin sharhi nan ƙasa, fito ka ƙaryata ni.