Taken Sarkin Pawa a Waya

Ku gyara zama. Yau ba abin dariya na kawo muku ba, shari'a ce, kuma ku ne alƙalai.

Barau makaɗin kalangu ne, na mahauta, kamar ubansa da kakansa. A garinsu kowane babban mahauci da takensa, kiɗan da in an buga kowa ya san wa ake kira. In mai take ya mutu, ajiye kiɗan ake yi, ba a ƙara taɓa shi. Da Sarkin Pawa Jatau ya rasu, Barau ya shiga ɗaki ya buga takensa na bankwana yana hawaye, ya ce shi ke nan.

Ashe ƙaninsa Ilu yana bakin ƙofa, ya kara waya yana naɗar kiɗan. Ilu ya gaji da ganin mai hannu irin na yayansa yana dawowa daga kasuwa da ɗan tumbi a leda. Akwai wata manhaja da makaɗa da mawaƙa da masu situdiyo ke haɗuwa a cikinta, kowa ya baje abin da ya iya. Nan ya ɗora kiɗan don duniya ta san Barau, bai shawarci kowa ba.

Wata mai haɗa sauti a Kaduna, Hansatu, ta ji kiɗan ya tsuma ta. Ta sauke shi, ta ƙara masa sauri, ta zuba masa fiyano, ya koma na rawa. Ba ɓarauniya ba ce, don ta rubuta sunan Barau da na garinsu ɓaro-ɓaro. Amma ba ta tambayi kiɗan mene ne ba.

Sai Talle, mawaƙi mai bakin tsiya, ya tsinci kiɗan a manhajar. Ya ɗora masa waƙar habaici a kan wani marowaci da ya mutu aka rasa mai yi masa kuka. Da wani attajirin unguwarsu yake, ko sunan Jatau bai taɓa ji ba.

Waƙa ta bi wayoyi. Ranar kasuwa da hantsi ta tashi a aljihun wani mai sayen nama, daidai teburin Shekarau, babban ɗan marigayin. Shekarau ya ajiye wuƙa ya sa aka kira Barau.

"Baba Barau, wannan ba taken mahaifina ba ne?"

"Shi ne."

"Hannun wa?"

"Nawa ne, amma wallahi..."

"Mutumin da ya ciyar da gidanku tun kafin a haife ni, yau shi ne marowaci? Da kiɗanka yara ke taka rawa a kan kabarinsa?"

Mahauta suka yanke magana. Dole Barau ya faɗi mutum ɗaya, mai laifin, ya zo ya durƙusa a tsakiyar kasuwa ya roƙi gafara. Ba sa son jin kowa da nasa laifin. In ya kasa, kalangun gidansu ya bar mahauta har abada.

Barau ya koma gida, ya sa aka bi sawun kiɗan aka nemo masa su ukun. Ilu ya ce, "Yaya, taimakonka na yi." Hansatu ta ce a waya, "Baba, abin da aka baje a fili na ɗauka, har sunanka na sa." Talle ya ce, "Ni waƙata babu sunan kowa a ciki." Ba wanda ya yarda ya durƙusa.

Abin da ke ƙona mini rai, dukansu da kiɗa suke ci, amma aka rasa mai buɗe baki ya yi tambaya ɗaya. Da Ilu bai ɗora ba, da kiɗan bai bar ɗaki ba. Da Hansatu ba ta mai da shi na rawa ta liƙa suna ba, da ba wanda zai bi ta kansa. Da Talle bai sa zagi ba, da mahauta sun yi faɗa sun haƙura.

Kasuwa mai zuwa Shekarau na jiran suna, kalangu kuwa yana rataye. To, a cikin ukun nan, wa za ku ce Barau ya faɗa?